Hira ko hadda: Turancin makaranta ga mai shirin fita karatu waje

Ummi Funtuwa: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga mu fita. Na gama hidimar ƙasa, ina neman gurbin digiri na biyu a Ingila. Karanta Turanci ba ya ba ni wahala, rubutu ma alhamdu lillahi, amma da zarar an ce in buɗe baki sai kalmomin su watse. Ni da ƙawayena uku mun shirya mu riƙa haɗuwa a WhatsApp duk daren Asabar muna hira da Turanci zalla a kan rayuwar makaranta, su rajista da ɗakin kwana da jarrabawa. Yayana ya ce ɓata lokaci ne, gara in nemi littafin kalmomi in zauna in haddace. Wa ya fi gaskiya?

Baba Malam: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'a. Ni dai ina bayan yayanki. Na koyar da Turanci a sakandare har na ajiye alli, na ga irin wannan ƙungiyar hira ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ku huɗun nan aji ɗaya kuka zauna, malamai ɗaya suka koyar da ku. Abin da ke bakin wannan shi ne a bakin waccan. To sabuwar kalma ta wace ƙofa za ta shigo? Za ku yi ta juya 'yan kalmomin da kuka sani, ku juya har da kurakuranku, kowa na gyaɗa wa kowa kai. Kalma a littafi take. Akwai wani jeri da wata malama Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar Niyu Zilan ta fitar a 2000, ana kiransa Academic Word List. Kalmomin da suka fi yawo a rubuce-rubucen jami'a ne ta tattara, tushe 570 da rassansu. Kyauta ne a intanet. Ki ɗauki biyar kullum bayan asuba, kafin wata huɗu kin sauke.

Nura (Ingila): Baba Malam barka da dare, Allah ya ƙara girma. Ba musu zan yi da ku ba, amma jerin nan na san shi, kuma na tabbata Ummi ta san fiye da rabinsa tun tana aji ɗaya a jami'a. Su analyse da concept da data ai ba su ne ke kayar da mutanenmu a nan ba.

Ga abin da na gani da idona. Wani ɗan'uwa da muka zo tare daga gida ya kwanta zazzaɓi daidai makon da za a miƙa wani babban aiki. Da ya tashi ya lallaɓa ya gama, ya miƙa a makare. A inda muke, aikin da ya makara komai kyansa ba ya wuce maki 50, wato iyakar tsallakewa a digiri na biyu. Da malamar da ke kula da shi ta ji labari sai ta tambaye shi me ya hana shi neman extension, wato ƙarin lokaci. Kalmar nan ya san ta tun sakandare. Abin da bai sani ba shi ne fom ne ake cikewa a shafin ɗalibai kafin wa'adi ya cika, in ciwon ya yi tsanani kuma a haɗa da takardar likita a ƙarƙashin abin da suke kira extenuating circumstances. Babu jerin kalmomin da zai gaya maka wannan. Ni ma a ɗakin girki na ji, daga bakin wata 'yar Kenya da ta riga mu zuwa da shekara guda.

Haka office hours. Da yawanmu in suka ga an rubuta a ƙofar malami sai su ɗauka lokacin da yake cikin aiki ne, kada a dame shi. Alhali lokacin da ya ware ne musamman don ɗalibai su shigo, yana zaune yana jira, wani lokaci ma ba wanda ya zo.

Baba Malam: To ai ɗana ka taya ni faɗa ne ba ka sani ba. Wa ya gaya maka? Wadda ta riga ka zuwa. Ƙawayen Ummi kuwa ba wadda ta taɓa zuwa.

Nura (Ingila): Wannan kam haka ne Baba.

Shamsu (Indiya): Ni abin da zan ƙara, Turancin makaranta ba ɗaya ba ne, kowace ƙasa da nata. Mu nan ɗakin cin abincin ɗalibai mess ake ce masa, mai kula da ɗakunan kwana kuma warden, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa iko da rayuwarka. Ɗalibi in zai shiga jarrabawa sai ya ce zai give exam, ka rasa shi ne malamin ko kuwa. In aka matso da ranar jarrabawa kusa sai a ce an yi prepone. Kuma kalmar da ta fi kowace tsada a nan ita ce attendance, don in ba ka kai kashi 75 na halartar aji ba, za a iya hana ka zama jarrabawa gaba ɗaya. 'Yan Kano da gwamnati ta turo a 2023 za su ba da shaida. Wanda ya haddace Turancin Ingila ya sauka nan, sai ya sake sabon zama.

Ɗan Zumunci: Yaya Nura, da gaske ne in Ummi ta ce musu ta yi passing out bara za su kira mata motar asibiti? 😂

Nura (Ingila): Za su tambaye ta ko ta ga likita dai, don a bakin yawancinsu suma ke nan. Kuma carry-over ba su san shi ba, resit suke cewa. Hostel a wurinsu masaukin matafiya ne mai araha, ɗakunan ɗalibai halls ne. Abin da muke kira kwas su module suke ce masa, kwas kuma shi ne digirin gaba ɗaya.

Anti Bilki: Sannunku da hira. Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki, tunda koyar da harshe shi ne abincina.

Da farko Ummi, abin da kika kwatanta ba ƙarancin kalmomi ba ne. Kin ce kina karantawa lafiya, kina rubutawa lafiya. Kalmomin suna nan ke nan. Gane kalma in an gan ta daban, ciro ta cikin daƙiƙa guda mutum na kallon bakinki daban. Na biyun ba ya samuwa sai da yi. In kika haddace wasu 570 ɗin kika ɗora a kan na da, za ki ƙara yawan kalmomin da ke gudu ne kawai in kin buɗe baki.

Amma Baba Malam yana da hujja mai ƙarfi, kuma alƙaluma na bayansa. Paul Nation, shi ma na jami'ar Wellington ɗin, ya yi lissafi a 2006 cewa mai son ya fahimci kashi 98 na kalmomin da yake ji a magana yana buƙatar tushen kalmomi 6,000 zuwa 7,000, mai karatu kuwa 8,000 zuwa 9,000. Hirar yau da kullum kalmomi kaɗan take ci. Kuna iya shekara kuna hira duk Asabar ba ku fita daga cikin dubu biyun farko ba.

Don haka gyaran da zan yi wa shirinku shi ne kada ku zo hirar hannu rabbana. Kowace jami'a a Ingila tana da littafin dokokin ɗalibai a shafinta, kowa na iya saukewa ko bai samu gurbi ba. Ku zaɓi jami'ar da kike nema, ku ɗauki sashe ɗaya a mako, misali sashen miƙa aiki a makare, ko na satar rubutu, ko na kuɗin makaranta. Kowacce ta karanta kafin Asabar. Sannan a hirar ku raba matsayi: ɗaya ma'aikaciyar ofis, ɗaya ɗalibar da kwamfutarta ta mutu ana gobe miƙa aiki. Ɗalibar ta roƙa, ma'aikaciyar ta ƙi, tana kafa hujja da abin da ke cikin littafin, ɗalibar ta nemi wata hanya. A nan kalmar za ta fito don ana buƙatarta, kuma ta fito tare da abokan tafiyarta. Abokan tafiyar nan su ne rabin aikin. Kowa ya san deadline, amma ba kowa ya san ana cewa meet ko miss a gabanta ba.

Ummi Funtuwa: Anti na gode ƙwarai, wallahi ban taɓa tunanin littafin dokokin ba. Amma mun sa dokar cewa duk wadda ta yi Hausa za ta biya tarar katin waya. Mu bar ta?

Anti Bilki: Ku cire ta yau ɗin nan.

Baba Malam: A'a Hajiya Bilki, a nan kam mun rabu. In aka buɗe wa Hausa ƙofa, minti goma hirar ta koma ta biki da suna. A zamaninmu a makarantar kwana ba a yarda ka yi vernacular ba, kuma mutanen da suka fito daga wannan tsarin kin san irin Turancin da ke bakinsu.

Anti Bilki: Na sani Baba, Allah ya saka musu. Amma waɗanda suka fito da Turanci muke gani, waɗanda tsarin ya rufe wa baki ba mu lissafa su. Yaron da ya san za a ci shi tara in ya yi Hausa, a yi masa dariya in ya yi Turanci, hanya ta uku yake bi, ya yi shiru. Ina da irinsu a aji har yanzu, manya da gemunsu, rubutunsu tsaf, amma a ce su tashi su gabatar da aiki sai gumi.

Ba cewa nake su koma hira da Hausa ba. In ɗaya tana cikin magana kalma ta maƙale, ta jefa ta Hausar ta wuce, kada jimlar ta mutu. Wata daga cikinsu tana riƙe da biro tana rubuta duk inda aka maƙale. Ƙarshen hira suna da jerin kalmomi goma ko sha biyar, kuma wannan jerin ya fi kowane jeri na duniya amfani a gare su, don su ne kalmomin da bakinsu ya nema ya rasa. Su nemo su, mako mai zuwa su fara da su. In kuka hana Hausa, kowacce za ta riƙa kauce wa duk maganar da ba ta da kalmarta, ba za ku taɓa gane inda ramin yake ba.

Baba Malam: Wannan na rubutawar na yarda da shi. Ga jeri ya dawo ta bayan gida ke nan.

Maman Hanif: Anti Bilki kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ba Turawa ne ke mana dariya ba, junanmu ne. Mutum ya ce fifty ta fito da p, sai a ɗauki muryarsa a yi ta yawo da ita a waya. Wanda bai iya haɗa jimla biyu ba shi ne kan gaba wajen dariyar. Na zauna a Maleshiya da maigidana lokacin da yake karatu, na ji 'yan Sin da Larabawa da 'yan Indunusiya kowa na Turanci da harshen garinsu a bakinsa, ba wanda ya damu. Ummi, ku sa dokar hana dariya a madadin ta hana Hausa.

Ɗan Zumunci: To ni an kore ni ke nan tun ba a fara ba.

Abdul Aziz Maraɗi: Salamu alaikum. Ku 'yan Najeriya ku gode Allah, kun fara da Turanci tun firamare. Mu nan da Faransanci muka yi karatu. Na gama lisans, wato digiri na farko, a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, yanzu duk tallafin karatun da na duba Turanci yake nema. Abin da ke ba mu wuya, kalmomin makaranta na harsunan biyu sun yi kama amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Collège a wurinmu ƙaramar sakandare ce. Lecture karatu ne, ba lacca ba. Librairie shagon sayar da littattafai ne. In na ce na assister wani darasi, halarta nake nufi, mai Turanci kuma sai ya ji kamar na taimaka wa malamin. A takarda ina gane bambancin, amma a magana Faransancin ke riga fitowa. Wasu abokaina Akara suka tafi suka yi watanni don su koya, ni ba ni da halin wannan.

Anti Bilki: Abdul Aziz, kai kana da jarin da ba ka sani ba. Kalmomin ilimi na Turanci mafi yawansu daga Latin da Faransanci suka zo. Buɗe jerin da Baba Malam ya ambata ka gani, kusan duk shafi za ka tarar da 'yan gidanku. Abin da zai ba ka wuya ƙananan kalmomin nan ne da ake haɗawa biyu-biyu, su hand in da drop out da catch up, waɗanda ɗalibai ke magana da su ba dare ba rana. Su kuwa a kunne ake ɗaukarsu. Ka riƙa sauraron 6 Minute English na BBC, yana zuwa da rubutun abin da aka faɗa. Ka saurara sau ɗaya ba tare da rubutun ba, sannan da shi, sannan ka ba wani labarin abin da ka ji da bakinka.

Sani Kwari: Ni duk ban ga amfanin wannan wahalar ba. Da kuɗin da za a kashe a shekara ɗaya a Ingila ai an buɗe shago an cika shi. Kuma tun Janairun 2024 sun hana masu digiri na biyu na aji tafiya da iyali. Mutum ya bar mata da 'ya'ya ya je ya sha sanyi.

Nura (Ingila): Alhaji Sani maganar iyali gaskiya ce, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu aka bari. Amma ba kowa ke biya daga aljihu ba, akwai tallafin karatu irin su Chevening da Commonwealth da PTDF. Kuma duk cikinsu akwai inda za a zaunar da kai a yi maka tambayoyi ko a karanta abin da ka rubuta game da kanka. Chevening ma sai kana da shekara biyu ta aiki, kuma ganawar baki da baki ce ke raba gardama.

Sani Kwari: Allah ya ba mai rabo sa'a. Ni dai ina Kwari.

Ummi Funtuwa: Yaya Nura, batun IELTS fa, jarrabawar nan ta gwada Turanci? Wata ta turo mini jerin manyan kalmomi ta ce in na zuba su a sashen magana makina zai tashi.

Nura (Ingila): Kafin komai ƙanwata, ki duba ko ma kina buƙatarsa. Jami'o'i da dama a nan suna karɓar Turancin WAEC daga C6 zuwa sama a madadinsa. Ki duba shafin jami'ar, sashen 'yan Najeriya, kada ki kashe kuɗi a banza. Kuma sakamakon IELTS ɗin shekara biyu yake yi, kada ki yi shi da wuri ya mutu a hannunki.

In kuwa dole ne, sashen maganar minti 11 zuwa 14 ne, kashi uku. Na farko tambayoyi ne a kanki, kuma kusan kullum ana farawa da aiki kike ko karatu, kin ga hirarku ta makaranta ta faɗo daidai. Na biyu a ba ki kati da batu, minti ɗaya ki shirya, ki yi magana har minti biyu ke kaɗai. Na uku tattaunawa ce a kan batun. Abu huɗu ake aunawa: gudun magana da haɗuwarta, kalmomi, nahawu, da furuci. Kalmomi kashi ɗaya ne cikin huɗu, kuma dacewarsu ake dubawa. In aka tambaye ki abincin makarantarku kika ce plethora, mai jarrabawar ya san daga inda ta fito. An horar da su su gane amsar da aka haddace. Ku sa minti biyun nan a hirarku, da agogo. Za ku sha mamakin tsawon minti biyu.

Baba Malam: Nura, wani abu nake so in tambaye ka tun ɗazu. An ce a can ɗalibi na kiran farfesa da sunansa gatsal. Gaskiya ne?

Nura (Ingila): Gaskiya ne Baba. Mai duba aikina ta haifi kamata, amma da sunanta na yanka kowa ke kiranta, ita ta ce a yi haka. Sir da Ma da muka saba da su ba a yin su a jami'a a nan. Saƙon imel ma ba a buɗe shi da doguwar gaisuwa, layi ɗaya sai buƙata. Har yau in zan faɗi sunan nan sai na ji harshena ya yi nauyi.

Baba Malam: Innalillahi. To wannan kam ko a jeri ko a hira ba zan iya ba.

Shamsu (Indiya): Baba ku zo Indiya ku huta. Nan Sir har a ƙarshen sunan malami ake liƙa shi, kuma in ya shigo aji ana miƙewa.

Anti Bilki: Abu ɗaya kada a fahimce mu a karkace. Carry-over da hostel da write exam ba kuskure ba ne, Turancinmu ne na Najeriya, kamar yadda Indiya ke da nata. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, har da Kannywood da okada. Ba zubar da namu za a yi ba, na inda za a je za a ƙara a kai. Shi ya sa Ummi, ko sau ɗaya a wata ku gayyato wadda take can ta shiga hirar, ta riƙa tsayar da ku tana cewa mu nan ba haka muke faɗa ba. Wanda zai je Amurka kuma ya nemi na Amurka, don ko thesis da dissertation a juye suke tsakanin ƙasashen biyu: a Ingila dissertation na digiri na biyu ne, thesis na digirin digirgir, a Amurka akasin haka.

Maman Hanif: Akwai ƙanwar maigidana tana karatu a Sikotilan, zan yi mata magana, in ta yarda in haɗa ku ta bayan fage.

Abdul Aziz Maraɗi: Tunda na su Ummi na mata ne, ko akwai mazan da za mu haɗa namu? Ni na shirya. Amma ku yi haƙuri da ni, a hankali nake tafiya.

Shamsu (Indiya): Sa ni a ciki, ni zan zama warden ɗin da ke hana kowa komai. Sai dai a duba lokaci, muna gaba da ku da awa huɗu da rabi. Ƙarfe tara na darenku ɗaya da rabi ne a nan, kuma ina da aji da safe. In za a yi bayan la'asar ɗinku ranar Lahadi, zan iya.

Abdul Aziz Maraɗi: Lahadi bayan la'asar ya yi mini. Yaya Nura, turo mana littafin dokokin da za mu fara da shi.

Nura (Ingila): Zan turo sashen satar rubutu, shafi kaɗan ne. Ku karanta wurin da ya yi magana a kan collusion da kyau, don taimakon aboki da muke ɗauka zumunci ne a gida, a nan yana iya kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa.